Jack Ma: Nadamar malamin Turancin da ya kafa kamfanin fasaha ba tare da ya iya fasaha ba

A watan Yunin 2016, a wajen wani taron tattalin arziki a birnin St. Petersburg na ƙasar Rasha, Jack Ma ya furta maganar da ta bar mutane baki buɗe. Ya ce babban kuskuren rayuwarsa shi ne kafa Alibaba. A lokacin nan kuwa Alibaba na cikin manyan kamfanonin saye da sayarwa ta intanet a duniya, shi kuma Ma yana sahun farko na attajiran ƙasar Sin. Bayanin da ya yi shi ne, ɗan ƙaramin kasuwanci ya so yi, sai abin ya bunƙasa ya haɗiye masa lokaci, ya ɗora masa nauyi da matsalolin da bai taɓa zato ba.

Mun zaɓi labarin mutumin nan a wannan mako ne saboda wata muhawara da muke yawan ji a tsakaninku, musamman idan lokacin rabon aji ya zo a babbar sakandare. Wasu na cewa duk wanda bai shiga ajin kimiyya ba, to shi da harkar fasahar zamani sai kallo. Wasu kuma na kafa hujja da Jack Ma, suna cewa ga wanda bai taɓa rubuta manhaja ba amma ya zama hamshaƙi, to wahalar karatu ta mece ce? Idan muka bi tarihinsa a tsanake za mu ga kowane ɓangare rabin gaskiya ya riƙe. Wanda bai iya fasaha ba yana iya kafa kamfanin fasaha, amma da hannun wasu zai yi ginin, kuma duk ranar da ya kuskure wajen zaɓen mutum ko sa hannu a takarda, shi zai kwana a ciki.

Yaron da lissafi ya kayar

An haifi Ma Yun ranar 10 ga Satumba, 1964 a birnin Hangzhou da ke gabashin ƙasar Sin, a gidan da ba na masu hali ba. Tun yana yaro yakan hau kekensa da sassafe ya je bakin wani otal da baƙi 'yan yawon buɗe ido ke sauka, ya zagaya da su gari kyauta. Ladansa kawai ya ji Turanci daga bakinsu. Ya shafe shekaru yana wannan zirga-zirga, kuma ɗaya daga cikin baƙin ne ya laƙaba masa sunan Jack.

Turanci ya zauna masa, amma lissafi ya ƙi. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar shiga jami'a. An sha ruwaito cewa a karon farko maki 1 ya samu cikin 120 a lissafi, a karo na biyu 19, sai a na uku ya kai 89. Da ƙyar ya samu gurbi a kwalejin horar da malamai ta Hangzhou a 1984, ya fita da digirin Turanci a 1988. Daga nan ya zama malamin Turanci a wata kwalejin koyar da injiniyancin kayan lantarki, yana karɓar albashin da bai wuce kimanin dala 12 a wata ba. Kullum yana cikin injiniyoyi, amma aikinsa koya musu nahawu ne.

Shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda aka riƙa ƙin ɗaukarsa aiki. Ya ce lokacin da gidan abincin KFC ya zo garinsu, su 24 suka nema, aka ɗauki 23, shi kaɗai aka bari. Masu jawabin zaburarwa na son wannan ɓangare na labarin, domin yana da daɗin ji. Abin da suke tsallakewa shi ne yadda wannan giɓi na lissafi da fasaha ya bi shi har cikin kasuwancinsa.

Tallar abin da ba ka iya nunawa

A farkon 1995 wani aikin tafinta ya kai shi Amurka. A birnin Seattle aka zaunar da shi gaban kwamfuta mai haɗe da intanet a karon farko, kuma ya ce har tsoron taɓa ta ya yi, kada ya ɓata kayan tsada. Da ya nemi bayanin wani kaya daga ƙasar Sin, sai ya tarar babu komai. A nan tunanin kasuwanci ya zo masa.

Ya koma gida ya kafa China Pages tare da wani abokinsa malamin kwamfuta. Aikin kamfanin shi ne buɗe wa kamfanonin Sin shafuka a intanet domin masu saye na ƙetare su gan su. Matsalar ita ce mutanen Hangzhou ba su da hanyar hawa intanet a lokacin, shi kuma Ma bai iya haɗa shafi ba. Sai ya karɓi bayanan kamfani da hotuna, a fassara su zuwa Turanci, a aika Seattle, can ne ƙwararru za su haɗa shafin. Daga nan a buga hoton shafin a takarda, Ma ya kai wa mai kamfani ya ce ga shi nan, duniya na kallon hajarka. Ba mamaki da yawa suka ɗauke shi ɗan damfara. Ko da layin intanet ya samu ya tara 'yan jarida domin su gani da idonsu, ya ce sai da aka jira awa uku da rabi kafin rabin shafi ya buɗe.

Ku lura da halin da yake ciki. Shi ke karɓar kuɗin mutane, shi ke yin alƙawari, shi za a zaga idan aiki ya makara, amma ainihin aikin yana hannun wasu a wata nahiya. Idan sun ce abu zai ɗauki mako biyu, ba shi da hanyar sanin ko kwana biyu ya isa. Idan sun ce abu ba zai yiwu ba, dole ya yarda. Wannan ita ce jarrabawar farko ta duk wanda ya kafa kamfanin fasaha bai iya fasaha ba.

Ƙuri'a biyar da ƙuri'a biyu

A 1996 wani kamfani mai alaƙa da hukumar wayar tarho ta gwamnati ya shigo irin wannan sana'a a Hangzhou. Yana da kuɗi, yana da layukan waya, yana da suna. Ma ya ga ba zai iya ja da shi ba, sai ya amince su haɗe. Sabon abokin ya zuba jari ya karɓi kashi 70 cikin 100, China Pages ya tsira da kashi 30. A hukumar gudanarwa ɓangaren Ma na da kujera biyu, ɗaya ɓangaren na da biyar. Duk shawarar da ya kawo, idan hannu biyar suka tashi a kan a'a, magana ta ƙare. Cikin ɗan lokaci ya zama baƙo a kamfanin da ya kafa, kuma a 1997 ya tattara ya tafi Beijing, inda tawagarsa ta riƙa gina wa ma'aikatar kasuwancin ƙetare shafukan ciniki. A can ma ba shi ne mai faɗa a ji ba.

Wannan matsala ta dogaro da wani ba a ƙasar Sin kaɗai take ba. A jami'ar Harvard ta Amurka, wasu tagwaye, Cameron da Tyler Winklevoss, da abokinsu Divya Narendra sun yi tunanin buɗe shafin sada zumunta na ɗalibai, amma sai sun nemi wanda zai rubuta musu manhajar. A ƙarshen 2003 suka tuntuɓi wani ɗalibi mai suna Mark Zuckerberg, ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba. Ranar 4 ga Fabrairu, 2004 Zuckerberg ya buɗe nasa shafin, wanda ya zama Facebook. Suka kai ƙara suna zargin ya ɗauke musu tunani, shi kuma ya musanta. A 2008 aka sasanta a kan dala miliyan 65, kuɗi da hannun jari. Kuɗin da yawa, amma kamfanin ya tafi. Tunani yana kan kowa, wanda ya iya ginawa shi ke riƙe da igiya, sai fa idan akwai takardar da ta ɗaure kowa.

Mutum 18 a falo ɗaya

A farkon 1999 Ma ya koma Hangzhou ya tara mutum 17 a gidansa, cikinsu har da matarsa da wasu tsofaffin ɗalibansa. Suka haɗa yuan 500,000, kimanin dala 60,000, suka kafa Alibaba, dandalin da ƙananan masana'antun Sin za su haɗu da masu sayen sari na ƙasashen waje. A wannan karo ya koyi darasi. Masu rubuta manhajar suna zaune a falonsa, kuma su ma masu kamfanin ne, ba 'yan kwangila ba.

Akwai wani giɓin kuma da ya san yana da shi, wato doka da lissafin jari. Wannan ya cike shi da Joe Tsai, lauya haifaffen Taiwan wanda ya yi karatu a jami'ar Yale, yake kuma aiki da wani kamfanin zuba jari na ƙasar Suwidin a Hong Kong. An ruwaito cewa Tsai ya bar albashin dala 700,000 a shekara ya karɓi na kimanin dala 600. Shi ne ya yi wa kamfanin rajista yadda ya kamata, ya zaunar da sauran ya yi musu bayanin abin da ake nufi da hannun jari da kason kowa. Ba a daɗe ba kuɗi suka fara shigowa. A Oktoban 1999 bankin Goldman Sachs da abokansa suka zuba dala miliyan 5, a Janairun 2000 kuma kamfanin SoftBank na attajirin Japan Masayoshi Son ya zuba dala miliyan 20.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwanintar Ma ita ce iya magana har lauya ya bar aikinsa, injiniya ya kwana a ƙasa yana aiki. Wannan ma fasaha ce, kuma shekarun da ya yi a gaban allo ne suka koya masa ita.

Kwarjinin masu manyan takardu

Da kuɗi suka zo, sai wata cuta da ke kama wanda ya san bai iya ba ta bayyana, wato ganin duk mai babbar takarda daga babban wuri ya fi nasa mutanen. A shekarar 2000 Alibaba ya ɗauko John Wu daga Yahoo ya zama shugaban sashen fasaha, ya buɗe cibiyar injiniyoyi a yankin Silicon Valley na jihar Kalifoniya, ya buɗe ofisoshi a Landan da Koriya ta Kudu, ya cika ofishin Hong Kong da ma'aikata masu tsada. Da yawa daga cikin sabbin zuwan sun ƙware a fanninsu, amma sun yi nisa da ƙananan masana'antun Sin waɗanda su ne ainihin abokan ciniki.

Ana cikin haka darajar kamfanonin intanet ta faɗi warwas a kasuwannin duniya, masu zuba jari suka rufe aljihu. Alibaba na kashe kusan dala miliyan 2 a wata, abin da ya rage a asusu kuwa bai fi na wasu watanni ba. A Janairun 2001 aka ɗauko Savio Kwan, tsohon ma'aikacin General Electric, ya yi aikin da babu mai son yi. Ya sallami mafi yawan ma'aikatan ƙetare, aka rufe wasu ofisoshin, kashe kuɗi ya sauko zuwa kimanin dala 500,000 a wata. Mutanen da Ma ya roƙa da bakinsa su bar ayyukansu su zo, su ne aka ce su kwashe kayansu. Kamfanin ya tsira, har ya fara cin riba a 2002.

Akwai wani kuskuren na wannan zamani da Ma ya sha ambata cikin nadama. Ya ce a 2001 ya shaida wa abokan da suka kafa kamfanin tare cewa iyakarsu shugabancin ƙananan rukunai, manyan muƙamai kuwa sai an ɗauko ƙwararru daga waje. Bayan shekaru, waɗanda ya ɗauko duk sun tafi, waɗanda ya yi wa kallon ba za su iya ba su suka zama ginshiƙai. Peng Lei, tsohuwar malama da ke cikin su 18, ita ce ta jagoranci Alipay daga 2010. Wu Yongming, matashin da ke rubuta manhaja a falon nan, shi aka naɗa babban jami'in gudanarwar Alibaba a Satumban 2023, Joe Tsai kuma ya zama shugaban hukumar gudanarwa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.

Inda rashin sani ya yi rana

Kada mu ɗauka rashin iya fasaha asara ce zalla. Ma ya sha cewa abin da ya iya da kwamfuta bai wuce aika imel da duba shafuka ba, don haka ya mai da kansa ma'aunin gwaji. Duk abin da injiniyoyi suka ƙera sai ya gwada. Idan ya kasa amfani da shi, a koma a gyara, domin yawancin 'yan kasuwar da ake yi wa aikin irinsa ne.

An ga amfanin wannan a karawarsa da eBay na Amurka, wanda ya sayi babban shafin cinikin Sin mai suna EachNet. A 2003 Alibaba ya buɗe Taobao domin ciniki tsakanin ɗaiɗaikun mutane. eBay ya fi shi kuɗi da injiniyoyi nesa ba kusa ba. Amma eBay na karɓar kuɗi daga masu sayarwa, Taobao kuwa kyauta ne. Taobao ya kuma sanya manhajar hira domin mai saye da mai sayarwa su yi ciniki kai tsaye, kamar dai yadda ake tayawa a ce albarka a kasuwanninmu.

Babbar matsalar ita ce amana. Mai saye na tsoron ya biya a ƙi aiko masa kaya, mai sayarwa na tsoron ya aika a ƙi biyansa. Maganin da suka kawo shi ne Alipay. Mai saye zai tura kuɗi, Alipay ya riƙe, mai sayarwa ya aika kaya, sai mai saye ya tabbatar kaya sun iso lafiya sannan a saki kuɗin. Wannan aikin amintaccen dillali ne da aka sani tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Injiniyoyi ne suka gina shi, amma gane cewa rashin yarda ne ke hana ciniki aikin wanda ya san mutane ne. A 2004 eBay ya mayar da shafinsa na Sin kan manyan kwamfutocinsa na Amurka, shafin ya yi nauyi, gyara ya riƙa jiran izini daga nesa, jama'a suka gudu. A ƙarshen 2006 ya rufe shafin nasa.

Yarda da abin da ba ka iya aunawa

Sai dai sanin mutane ba ya maganin kowace matsala. A Agustan 2005 Yahoo ya ba Alibaba dala biliyan 1 tare da reshensa na Sin, ya karɓi kashi 40 cikin 100 na kamfanin. Ma ya gaji manhajar binciken intanet, wadda zallar lissafi ce da injiniyanci. Duk ƙoƙarin da aka yi ba ta kamo Baidu ba, kuma a 2013 aka rufe shafin Yahoo na Sin. A irin wannan fage iya magana da sanin kasuwa ba su isa ba.

Shari'a mafi wuya ita ce ta Wang Jian, farfesan ilimin halayyar ɗan Adam wanda ya koma binciken kwamfuta a Microsoft, ya shigo Alibaba a 2008. Wang ya ce kamfanin ya daina dogara da kayan kamfanonin Amurka masu tsada, ya gina nasa tsarin da zai haɗa dubban kwamfutoci su yi aiki kamar guda, har a riƙa ba wasu haya ta intanet. Aka kafa Alibaba Cloud a 2009. Shekaru suka wuce ana zuba kuɗi babu sakamako, injiniyoyi da yawa suka bar sashen, wasu ma'aikata suka fito fili suna kiran Wang mayaudari.

Ku sa kanku a matsayin Ma. Ƙwararru sun rabu biyu, kowane ɓangare na magana da yaren da ba ka ji, kuma kai za ka yanke hukunci. Ya zaɓi tsayawa da Wang, har aka ruwaito ya yi alƙawarin zuba yuan biliyan 1 duk shekara har shekara 10. A 2013 tsarin ya yi nasarar sarrafa kwamfutoci 5,000 a lokaci guda, kuma Alibaba Cloud ya zama mafi girma a irinsa a ƙasar Sin. An dace. Amma da Wang mayaudarin ne da gaske, Ma ba shi da ilimin da zai gano haka da wuri. Halin mutumin ya auna, domin aikin ya fi ƙarfin awonsa.

Nadamar da kuɗi ba ya magani

A Satumban 2014 Alibaba ya sayar da hannun jari a kasuwar New York ya tara dala biliyan 25, adadin da ba a taɓa tarawa ba a irin wannan ciniki kafin lokacin. Bai cika shekara ba Ma ya shaida wa wani taro a New York cewa da za a sake ba shi rayuwa, da ba zai kai kamfaninsa kasuwar hannun jari ba, kuma kwanakin da ya fi jin daɗi su ne na koyarwa a kan dala 12 a wata. Ya kuma bayyana nadamar yadda aiki ya hana shi zama da iyalinsa.

A nan ya kamata mu yi masa adalci ta kowane ɓangare. Mutumin da ke kukan rashin lokacin iyali, shi ne a Afrilun 2019 ya kare tsarin aikin da ake kira 996, wato daga ƙarfe 9 na safe zuwa 9 na dare, kwana 6 a mako, har ya kira shi alheri ga matasa. Ya sha suka a kan haka, kuma a 2021 kotun ƙolin Sin ta bayyana cewa tsarin ya saɓa wa doka. Waɗanda suka fi ɗanɗana wannan tsari su ne masu rubuta manhaja, wato mutanen da suka gina masa abin da bai iya ginawa ba.

Ya sauka daga shugabancin Alibaba ranar 10 ga Satumba, 2019, ranar da ya cika shekara 55, wadda kuma ita ce ranar malamai a ƙasar Sin. Dama ma'aikatansa Malam Ma suke kiransa. Sai dai bakin da ya ɗaukaka shi, shi ya jawo masa. Ranar 24 ga Oktoba, 2020 ya soki hukumomin kuɗi na ƙasarsa a wani taro a Shanghai, ya kwatanta bankuna da masu karɓar jingina. Ranar 3 ga Nuwamba aka dakatar da sayar da hannun jarin Ant, uwar kamfanin Alipay, wanda aka sa ran zai tara fiye da dala biliyan 34. Kusan wata uku ba a ga Ma a bainar jama'a ba. A Afrilun 2021 aka ci Alibaba tarar yuan biliyan 18.2, kimanin dala biliyan 2.8, bisa laifin danne abokan gasa. A 2023 ya saki ikonsa a kan Ant, ya kuma karɓi aikin farfesa mai ziyara a jami'ar Tokyo.

Abin da ya shafe mu

A Nuwamban 2019 Ma ya zo Abuja wajen wani taron tattalin arzikin zamani, sannan ya wuce Accra inda gidauniyarsa ta yi gasar farko ta matasan 'yan kasuwar Afirka. Wadda ta zo ta ɗaya ta karɓi dala 250,000 'yar Najeriya ce, Temie Giwa-Tubosun, wadda ta kafa LifeBank a 2016 domin kai jini asibitoci cikin gaggawa. Ita ma ba likita ba ce, ba injiniya ba ce. Kimiyyar siyasa da harkar gudanarwa ta karanta. Ta ga mata na mutuwa wajen haihuwa saboda rashin jini, ta nemi waɗanda suka iya abin da ba ta iya ba.

Saboda haka, ku da ke ajin adabi ko na kasuwanci, ƙofa a buɗe take. Amma kada ku shiga da ido rufe. Ku riƙe darasin lissafi da na kwamfuta da kyau ko da ba su ne fanninku ba. Ba sai kun zama gwanaye ba, amma ku san isasshen da za ku yi tambaya mai ma'ana, ku kuma gane idan ana juya ku. Manhajar Scratch da harshen Python kyauta ne, kuma wanda ya taɓa kwana yana neman kuskure ɗaya a cikin layi ashirin ba zai raina aikin injiniya ba, ba kuma za a tsorata shi da manyan kalmomi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma da ke ajin kimiyya, kada ku raina abokin da ya iya magana, ya iya rubutu, ya san farashin kaya a kasuwa. Manhajar da babu mai saye, wahalar banza ce. Abokan da za ku kafa wani abu tare da su nan da shekara goma, mai yiwuwa yanzu haka suna ajin da ke kusa da naku.

Duk ranar da kuka haɗa hannu da wani a kan sana'a, ko da sayar da katin waya ne a lokacin hutu, ku rubuta a takarda: wa ya kawo nawa, wa zai yi me, kason kowa nawa ne, wa ke yanke hukunci idan an saɓa, me zai faru idan ɗaya ya fita. Ku sa hannu, babba ya shaida. Idan abin ya girma har ya kai ga rajista a hukumar CAC, ku nemi lauya ya karanta muku kowace takarda kafin ku sa hannu, ku kuma ƙirga kujerun hukumar gudanarwa kamar yadda kuke ƙirga kuɗin da aka ba ku.

Ga aikin da muke ba ƙungiyoyin muhawara da na kwamfuta a makarantunku kafin fitowa ta gaba. Ku haɗa mutum biyu-biyu, ɗaya daga ajin kimiyya, ɗaya daga ajin adabi ko kasuwanci. Ku zaɓi matsala ɗaya a makaranta, kamar layin karɓar littafi a laburare ko ɓacewar sanarwar jarrabawa. Ɗaya ya zagaya ya tambayi ɗalibai goma abin da ke damunsu, ɗaya ya zana yadda za a magance, sannan ku yi musanyar aiki. Ku aiko mana da abin da kuka gano, za mu buga waɗanda suka fi ma'ana a wannan shafi.